A gidan mai neman aiki, kyanwa ce ma'auni

Idan ƙarfe tara na safe ta wuce a birnin Yamai, gidajen haya sukan yi tsit. Yara sun tafi lakwal, ma'aikata sun hau babura sun nufi buro, mata sun fita cefane Katako ko Wadata. Duk wanda ya leƙa irin waɗannan gidaje a Bukoki, Talaje, Lazare ko Banifandu a wannan lokaci, mazauna iri biyu zai tarar: kyanwa kwance bisa katanga, da saurayi ko budurwa mai diplom na jami'a zaune bakin ƙofa, waya a hannu, ana duba ko an fiddo sanarwar ɗaukar aiki. Ita kyanwar tun da dare ta gama nata aikin. Shi ko mai diplom, nasa bai soma ba, kuma ba mai iya faɗa masa ranar somawa.

Ba a cika yin rubutu a kan waɗannan matasa ba sai in an yi zanga-zanga ko sakamakon kwankur ya fito. Amma zamansu shi ne zaman gidaje da dama a babban birni. Ni malamin firamare ne, shekaruna goma sha ɗaya ke nan riƙe da alli tun fitowata daga makarantar horon malamai. Gidan da nake haya ɗakuna bakwai ne a jere, famfo ɗaya, da masu neman aiki huɗu. Ɗaya daga cikinsu ƙanena ne, mai lisansi daga Jami'ar Abdu Mumuni. Akwai kuma kyanwa guda wadda kowa a gidan ya yarda tasa ce. Zama da su ya nuna mini cewa neman aiki, gardamar siyasa da kiwon kyanwa duk wuri ɗaya suke haɗuwa, wato a kan abin da ya rage cikin kwano bayan an ci tuwon dare.

Sunanta Dosiye

Mu nan ba mu saba raɗa wa kyanwa suna ba. Wani ya ce mussa, wani ya ce mage, in za a kira ta a yi "mus-mus" ta taho. Wannan kam wurin kwananta ne ya jawo mata suna. Tun tana ƴar mitsitsiya, da ƙanena ya tsinto ta bayan wani garejin gyaran babura, ba inda take son kwanciya kamar bisa jakar kwalin da yake ajiye takardunsa. Samarin gidan suka ce to, tunda duk faɗin Yamai ita kaɗai ta damu da wannan dosiye, a ba ta sunan. Suna kuwa ya bi ta.

Wanda bai taɓa haɗa dosiyen neman aiki a ƙasar nan ba zai ɗauka ƴar takarda ce guda. Ga abin da akan nema kusan kowane lokaci: takardar roƙo rubutacciya da hannu, an manna mata tambur, takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kaziye, wato shaidar kotu cewa ba a taɓa yanke wa mutum hukunci ba, takardar likita ta bizit da kwantar-bizit, kwafin diplom da hukuma ta buga wa hatimi, hotuna, wani lokaci har da katin ANPE, hukumar da ke rajistar masu neman aiki. Kowace takarda da kuɗinta, kowace da layinta, kuma ba a buro ɗaya ake samunsu ba. Mazaunin Harobanda sai ya ƙetaro gadar Kennedy, ya shiga taksi ko faba-faba, ya isa a ce masa mai sa hannu ya fita, ya dawo gobe.

Abin da ya fi ci wa matasa tuwo a ƙwarya shi ne wa'adi. Kaziye da takardar likita, in sun wuce wata uku, galibi ba a karɓarsu. Ke nan mai neman aiki da gaske yana iya sabunta su har sau huɗu a shekara, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Wanda aka haifa a Tawa ko Damagaram kuwa, sau da yawa sai ya roƙi wani ɗan uwa ya karɓo masa kaziyen a kotun garin haihuwarsa, a ba direban bas ya kawo. Ashe neman aiki ma jari gare shi, jarin kuma daga aljihun wanda ba ya da albashi yake fita, ko daga na yayansa.

Ƙanena ya taɓa kai dosiye wani kamfani da ya ce mutum biyu yake so. Ya tarar da kwali uku maƙil da ambulan irin nasa ƙarƙashin teburin mai gadi. Wata goma sha huɗu ke nan, ko "ba ka ci ba" ba su aiko masa ba. Wata rana kuma wani ya kira shi a waya da murya irin ta manya, wai an zaɓe shi, ya aiko jika 25 kuɗin buɗe fayil. Da ya ce zai zo buro da ƙafarsa ya biya, layin ya mutu har yau.

Ƙofofi kaɗan, masu ƙwanƙwasawa da yawa

Lissafin ba mai wuya ba ne. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya a Nijar, Yamai kuma ta ɗan haura miliyan ɗaya. Yau ƙiyasin jama'ar ƙasa ya wuce miliyan 25, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Da can jami'ar gwamnati ɗaya ce tak, ta Yamai. A 2010 aka kafa ta Maraɗi, ta Tawa da ta Damagaram, a 2014 aka ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilaberi, ban da makarantun kuɗi masu ba da diplom da suka cika unguwanni. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Sai dai kowace shekara ƙofar fita daga jami'a tana ƙara faɗi, ta shiga aiki kuwa tana nan yadda take.

Ƙofar farko, wadda kowace uwa ke yi wa ɗanta addu'arta, ita ce aikin gwamnati mai lamba. Ba a shiga sai ta kwankur, kwankur kuma ba kullum ake buɗewa ba, in an buɗe ma akwai iyakar shekaru. Shi ya sa mai jira ba ya murnar sabuwar shekara.

Ta biyu sabis sibik ce, hidimar ƙasa ta shekara biyu da mai diplom na jami'a ke yi a wata ma'aikata ko makaranta, ana ba shi ɗan abin sa mai a babur. Matashi ya saba da tashi da sassafe, ya saba da a ce masa "mushe" ko "madam", sai wa'adi ya cika a miƙa masa takardar shaida ya koma gida. Wannan komawar ita ce mai zafi.

Ta uku tamu ce, koyarwa. Mafi yawan masu riƙe da alli a firamaren ƙasar nan ƴan kontiragi ne, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ƙungiyoyin malamai suka yi yajin aiki a kan jinkirin ɗan abin da ake biyansu da kuma ba su lambar aiki. Da yawa sun shigo aji ba don sha'awa ba, sai don ita ce ƙofar da suka tarar a buɗe. Yara kuwa suna gane malamin da jikinsa ke aji, hankalinsa na wani wuri.

Ta huɗu ita ce ƙungiyoyin agaji da furoje-furoje, inda a da albashi ya fi tsoka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da kuɗinsu. A Nuwamban 2024 hukumomi suka janye izinin ƙungiyar ACTED, a Fabrairun 2025 aka sallami Kwamitin Red Cross na Duniya, a farkon 2025 ɗin kuma Amurka ta tsayar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje. Kowa da yadda yake kallon dalilan waɗannan matakai. Abin da ake gani a unguwa dai shi ne direbobi, masu gadi, akantoci da masu zagayen tattara bayanai da suka dawo suka shiga layi ɗaya da ƙannensu.

Saura kamfanoni masu zaman kansu, su kuwa ba su da yawa. Matatar man SORAZ tana aiki tun 2011, bututun mai zuwa gaɓar Benin ya soma aiki a 2024, amma mai lisansin ilimin zamantakewa ko na shari'a ba shi suke nema ba. An ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga sefa 30,047 zuwa jika 42 tun Janairun 2024, sai dai matasa da yawa sitaj ake ba su, wata uku, wata shida, ba ko dala, da alkawarin "za mu gani". Shi ya sa haruffan nan uku da kowa ya sani, PAC, wato dangi, abokai da sanayya, ba su fita daga bakin mutane ba. An canza gwamnati, an canza sunayen tituna, amma har yau in yaro ya samu aiki, tambayar farko a unguwa ita ce: wa gare shi?

Ma'aikaciyar da ba ta jiran kwankur

Ita Dosiye ba ta taɓa rasa aiki ba, don Yamai gari ne na ɓeraye. Gidajen laka, kwatami a buɗe, bola bakin hanya, shaguna cike da buhuna, ga kamyo-kamyo masu shigo da kaya daga nesa, wani lokaci da baƙin ɓeraye a ciki. Kusu na cin hatsi, ya huda tufafi, ya yanke wayar kuran, ya ci gefen kayen ɗalibi, har diplom ba ya ragawa. Maganin ɓera da ake sayarwa a kasuwa kuwa haɗari ne a gidan da yara ke rarrafe.

Hajiya mai gidanmu da farko ba ta so zaman kyanwar ba. Ta kira ƙanena ta ce: "Ɗana, kai da ake ciyarwa, kai ne za ka ɗauko wani bakin?" Tana kuma da irin tsoron nan da muka taso muka tarar, na cewa kyanwar dare ba a san ko wace ce ba. Wata biyu da zuwan Dosiye, buhunan gero da masara da Hajiya ke ajiyewa a ɗakin ƙofa suka daina zuba. Yanzu duk ranar da ta sayo kifin kogin Isa, kawunan a faranti daban ake aiko su, da saƙon a ba ma'aikaciya.

Ta fuskar addini ma ba a bar kyanwa a baya ba. Ɗalibin islamiyya ya san cewa laƙabin Abu Huraira daga ƴar kyanwar da yake ɗauka ya samo asali, ya san hadisin matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa ba ci ba sha, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a ɗaukar kyanwa najasa. Wanda ya ajiye ta, ya ɗauki amana.

Albashinta dai ragowar abinci ne, kuma nan ne ta zama ma'auni. Ba mai sayen abincin gwangwani na kyanwa a unguwanninmu, wannan sai manyan kantunan Filato. Abin da ya rage shi take ci: ƙanzon shinkafa, ƙashin kifi, ɗan tsokar da yaro ya yar. Ranar 30 ga Yulin 2023 CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasar nan takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi. Kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, da rakiyar soja. Shinkafa ta tashi, mai ya tashi, magani ya yi wuya. A gidanmu ba sai an buɗe rediyo ba. Tukwane bakwai, amma da dare ba ka samun ƙanzon da zai cika tafin hannu, don yara sun kankare. Dosiye ta rame, ta soma ƙetare katanga tana kwana biyu ba a gan ta ba. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, wuta ta dawo, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe, farashi kuma bai koma inda ya fito ba. Har yau in kana son sanin ko wata ya yi nisa a gidan, kalli kwanonta. Daga ranar 20 ga wata, tuwo ne zalla.

Butar shayi da zancen ƙasa

Da la'asar masu jiran aiki sukan fito fada. Benci biyu, tabarma, gawayi, ƴar buta, sai shayi zagaye uku, na farko mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi. Manya na kiran abin zaman kashe wando, amma wanda ya zauna ya san nan ne ake jin labarin kwankur, nan ake aron kuɗin tambur, nan ake tara gudunmawar suna da ta rasuwa, kuma ƴan fada ne ke gadin layi da dare. Har wata mai binciken zamantakewa, Adeline Masquelier, ta yi littafi sukutum a kan fadodin Nijar a 2019.

Fadar ƙofar gidanmu kashi uku ce. Akwai masu cewa zancen ƙasa ne. Su ne suka kwana a shataletalen Escadrille a 2023 suna neman ficewar sojan Faransa, kuma suna lissafa abin da suka gani da idonsu: Faransawa sun kwashe a Disambar 2023, sojan Amurka sun bi su a 2024, an kafa AES da Mali da Burkina, an fita daga CEDEAO, an karɓe Somaïr daga hannun Orano a 2025, Hausa ta zama harshen ƙasa. Sukan ƙara da cewa litar mai ta sauko zuwa 499 a Yulin 2024, dala ɗari ba tamma ɗaya, an kuma rage rabin kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati. A wurinsu wahalar yau kuɗin ƴanci ce.

Akwai masu cewa a yi a hankali. Suna tambayar yaushe za a yi zaɓe, tunda a Maris 2025 an rantsar da Janar Abdurahaman Tiani na shekara biyar, an kuma rusa jam'iyyu. Suna tambayar makomar Mohamed Bazoum, suna maganar hare-haren yankin Tilaberi, suna tuna cewa an rufe RFI da France 24 tun Agustan 2023, an kuma dakatar da BBC a Disambar 2024. Waɗannan ba sa ɗaga murya kamar da. Tun da aka maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet a Yunin 2024, kowa ya tuna cewa baki shi ke yanka wuya. Saƙon WhatsApp ma sai an karanta sau biyu kafin a tura.

Kashi na uku su ne masu hura gawayi. In an matsa musu su ce: "Ni dai a buɗe kwankur."

Dosiye ba ta fashin fada, ƙarƙashin benci take kwanciya, kuma ta sha shiga gardama ba da saninta ba. Wani dare ɗaya daga masu zancen ƙasa ya ce CEDEAO kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, tunda ta yi barazanar yaƙi ba ta zo ba. Na kusa da shi ya ce: "Cizo kam ba ta yi ba, abokina, amma yakushin fa? Ko ka manta zafin da muka kwana ciki ba kuran?" Aka yi dariya, aka zuba na biyu. Wani kuma ya ce ita Dosiye ce cikakkiyar ƴar siyasa, duk wanda ke riƙe da kan kifi shi ne shugabanta. Ƙanena ya ce a'a, a yi mata adalci, ita ko ba komai tana kama ɓeran da aka ɗauke ta dominsa.

Ba ina cewa ra'ayin matasan nan na sayarwa ba ne. Wanda ya kwana a Escadrille da zuciya ɗaya ya kwana, wanda ke neman zaɓe shi ma ƙasar yake so. Amma na lura da abu guda: ko ta ina gardama ta faro, ko daga yuraniyom ko daga Rasha, kafin a wanke kofuna ta dawo kan kuɗin buhun shinkafa, kuɗin haya da ranar kwankur. A nan kashi ukun suke zama ɗaya. Mai cewa a yi haƙuri da mai cewa haƙuri ya ƙare, gobe da safe layi ɗaya za su bi wajen buga hatimi. Duk mai mulkin da ke son sanin ra'ayin matasa na gaskiya, ba taron filin wasa zai duba ba, ba kuma Facebook ba. Ya tambayi mutum nawa ne a fada suka daina zuwa shayin la'asar saboda sun samu abin yi.

Abin da ke tada mutum da safe

Rashin aiki ba aljihu kaɗai yake ci ba. Yana cin lokaci, har mutum ya kasa bambanta Talata da Alhamis. Yana cin fuska: ƙanenka ya yi aure a ƙauye da kuɗin albasa, kai da ka yi shekara goma sha bakwai a benci kana roƙon kuɗin kiredi. Inna ta kira daga gida ta ce "har yanzu shiru?", ka ce "muna dai addu'a, Inna". Ƴan mata nasu ya fi nauyi, don ana haɗa musu da "ki yi aure ki huta". Na ga samari masu kaifin kai da suka koma barcin rana da hirar dare, wasu suka faɗa ƙwaya, wasu suka kama hanyar Agadas.

A nan ne na ga amfanin kyanwar da ya wuce kamun ɓera. Ƙarfe biyar da rabi take tada ƙanena, ko ya so ko bai so ba. Sai ya canza mata ruwa, ya zubar da yashin da take bayan gida, ya bi ɗakuna yana tambayar ragowa. Wata rana na ce masa wannan hidima ta yi yawa. Ya ce: "Yaya, duk gidan nan kowa ni yake ba. Ita kaɗai ce nake ba." Ban ƙara tanka masa ba.

Wanda ya tashi da asuba don kyanwa, ba ya komawa barci. Sannu a hankali ya soma koyar da yaran maƙwabta lissafi da Faransanci da yamma, gida uku, ana biyansa a wata. Ɗaya daga cikin masu jiran ya karɓi babur yana kabu-kabu, yana kai wa mai shi balas kullum, hular kwano a rufe don kada abokan jami'a su gane shi. Budurwar ɗakin ƙarshe, mai diplom na akanta, tana yin bisap da lemun tsamiya tana sa wa a firjin maƙwabta, in kuran ya ɗauke kuma ta yi asara. Ba ɗayansu da ke kiran abin da yake yi aiki. "Ina dai ɗan taɓawa kafin a kira," haka suke cewa. Amma da wannan ɗan taɓawar ake sabunta kaziye.

Mai son ajiye kyanwa, ga abin da ya kamata ya sani. Haukan kare yana kama kyanwa, don haka a kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafi. Wanda baƙuwar kyanwa ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi likita ba tare da jinkiri ba. Kada a ba ta paracetamol, kashe ta yake yi. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, mu kuwa ƴan ƙasar albasar Galmi ba miyar da ba mu zuba su, saboda haka gara a ware mata kifi ko nama kafin a haɗa da miya. Madara tana sa manyan kyanwoyi da yawa zawo, ruwa mai tsabta ya fi. Gidan da ke da kyanwa ya bar maganin ɓera, don in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta tafi. Mace mai ciki kuma ta bar wa wani kwashe kashinta.

Abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi

Ba wanda ke tsammanin gwamnati, kowace iri ce, za ta ɗauki duk mai diplom. Amma akwai nauyin da za a iya sauke wa matasa ba tare da an jira kuɗin mai ba. A daina neman kaziye da takardar likita tun wajen ajiye dosiye, a bari sai mutum ya ci jarrabawa. A karɓi dosiye ta intanet ko a kowace jiha, kada ɗan Difa ya ci kilomita fiye da dubu don miƙa ambulan. A liƙa sakamako da makin kowa a fili, don zargin PAC ya rasa wurin tsayawa. Kamfanin da ya karɓi takardun mutane ya aiko musu amsa, ko da saƙon waya ne na layi ɗaya. A kuma sa wa sitaj iyaka da ɗan abin mota.

Mu malamai ma akwai namu. A ajina na CM2, in na tambayi yara abin da suke son zama, daga likita sai soja sai ma'aikacin duwan. Ba mai cewa makaniken sola, ko mai kiwon kaji, ko mai gyaran famfo, alhali su ne unguwa ke nema ruwa a jallo. Tunda yanzu harshen da yaro ke magana da shi a gida ya samu matsayi a dokar ƙasa, lokaci ya yi da aji zai yi maganar sana'ar da ke bakin ƙofar lakwal, ba ta buro kaɗai ba. Iyaye kuma su daina kallon mai lisansin da ya riƙe sifana kamar wanda ya faɗi.

A halin da ake ciki, Dosiye na da ciki. Na kyanwa wata biyu ne da ƴan kwanaki, kuma ƙanena ya rantse ba za a zubar da ko ɗaya a bola ba, sai sun yi sati takwas suna shan nono kafin a raba. Mai shagon kan kwana ya ce a ajiye masa ɗaya, mai injin niƙa yana son ɗaya, wani mai sayar da hatsi a Katako ya aiko da jika ɗaya kafin alƙalami don kada a riga shi. Samarin fada sun ce wannan ne karon farko a layinmu da aka ɗauki wani aiki tun ba a haife shi ba, kuma ba a nemi kaziye ba. Shi ko ƙanena, nasa kaziyen zai cika wata uku ƙarshen watan nan, ya riga ya ware kuɗin sabo daga na koyarwar yamma.